Yadda ɗana ya fita daga katin maganin gidanmu a Ireland

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, haifaffiyar Kano. Na zo Ireland aiki a 2006, maigidana da yaranmu biyu suka biyo ni bayan shekara biyu. Ɗana na fari ne ya ba ni izinin rubuta wannan, da sharaɗin kada in ambaci sunansa ko garin da muke zaune. Ya ce, "Umma, ki rubuta har da lissafin kuɗin, don shi ne mutane ba sa faɗa wa juna." To ga shi nan, har da lissafin.

Tun yana ƙarami yaro ne mai shiru, mai son lissafi da ƙwallo. A ƙarshen 2016, yana da shekara 15, barci ya fara ƙaurace masa. Sai ya kwana yana zagaye ɗaki, ya rufe tagogi da bargo, ya ce maƙwabta suna maganarsa ta cikin bango. Ni da nake kula da marasa lafiya kullum na ga alamun, amma zuciyata ta ƙi karɓa. Muka yi ta addu'a da ruƙiyya, 'yan uwa daga gida suka aiko da rubutu da turare, kowa da abin da yake faɗa, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sammu. Ban raina addu'a ba, har gobe ita ce makamina. Amma wata uku muka ɗauka kafin mu haɗa ta da likita, kuma wata ukun nan ya sha wuya ƙwarai. Likitocin ƙwaƙwalwa na sashen yara da matasa suka karɓe shi, aka sa shi a kan olanzapine, ƙwaya ɗaya da dare. Daga baya aka ba ciwon sunansa, sikizofireniya.

A lokacin maganinsa kyauta muke karɓa. Akwai tsari a nan na cututtuka masu daɗewa, ana ce masa Long-Term Illness Scheme, wanda bai duba albashin kowa. Cututtuka 16 ne kawai a jerinsa, kamar ciwon suga, farfaɗiya, ciwon Parkinson da cutar rashin daskarewar jini, kuma jerin yana nan yadda yake tun shekarun 1970. Ciwon taɓin hankali yana ciki, amma ga wanda bai kai shekara 16 ba kaɗai. Iyayen masu sikila su lura, ita ma ba ta cikin jerin. A watan Fabrairun 2017 ɗana ya cika 16, wannan ƙofa ta rufe, ciwon kuwa ko gezau bai yi ba.

Daga nan muka koma kan katin gida na Drugs Payment Scheme, wanda kowa ke kira DPS. Tun 1999 aka fara shi, kuma hukumar lafiya ta ƙasar, HSE, ita ke gudanar da shi. Yadda yake aiki ba wuya: gida ɗaya ba zai biya fiye da wani adadi ba a wata a kan magungunan da likita ya rubuta, abin da ya haura gwamnati ta biya. Ba a duba samun mutum. Abin da ake nema shi ne lambar PPS, wato lambar da gwamnati ke shaida mutum da ita, ta kowane mutum da ke kan katin, da kuma kasancewa mazaunin ƙasar, wato kana zaune a nan shekara guda ko kana da niyyar zama aƙalla shekara guda. A 2017 iyakar yuro 144 ce a wata. Ta sauko zuwa 134 a 2018, 124 a Afrilun 2019, 114 a Nuwamban 2020, 100 a Janairun 2022, sannan 80 daga Maris na 2022. Gidanmu dama muna cika iyakar kowane wata, saboda maigida na shan maganin hawan jini da na kitsen jini, ƙanwar ɗana kuma tana da asma, abin shaƙarta yana da tsada. Don haka shigar maganinsa cikin katin bai ƙara mana ko sisi ba, shi ya sa ma ban taɓa zama na karanta wane ne tsarin yake ɗauka a matsayin ɗan gida ba.

Wanda tsarin ke ƙirgawa a gida ɗaya su ne kai da matarka ko mijinki, da 'ya'yan da ba su kai 18 ba, da waɗanda ke tsakanin 18 da 23 idan suna karatu na cikakken lokaci. Sai kashi na ƙarshe, wanda shi ne dalilin wannan rubutu: ɗan gida ko shekararsa nawa, idan yana da naƙasa ta jiki ko ta fahimta, ko ciwon taɓin hankali, har ba ya iya ɗaukar nauyin kansa gaba ɗaya. Shi wannan sai an haɗa da rahoton likita.

Da ya cika 18 a 2019 yana sakandare, don ciwon ya sa ya maimaita aji. Makaranta ta cike nata ɓangaren fom ta buga hatimi, ya ci gaba da zama a katin. Abu biyu suka canza a wannan shekara da ban ba su muhimmanci ba. An mayar da shi daga likitocin yara zuwa na manya, kuma doka ta fara kallonsa a matsayin baligi mai sirrinsa. Likita ba zai tattauna ciwonsa da ni ba sai da yardarsa, duk da ni ke tashinsa in miƙa masa ƙwaya da ruwa. Duk uwar da ke da yaro irin nawa, ta zauna da shi lokacin da hankalinsa ke kwance, ya rubuta wa likitansa cewa ya amince a yi magana da ita. Idan aka bari sai ciwo ya tashi, a lokacin uwar ce ta farko da yake zargi.

A 2020 korona ta hana rubuta jarrabawar kammala sakandare, aka ba su maki bisa ƙiyasin makaranta, ya samu gurbi a kwaleji. Mun yi murna har da walima ta mu huɗu. Amma karatun duk ta kwamfuta ne, yana ɗaki shi kaɗai daga safe zuwa yamma, ga maganin yana sa shi nauyin barci, ga ƙiba da ta taso masa, abin da aka san olanzapine da shi. Kafin Maris na 2021 ya ajiye karatun. Muka ce ya huta, lafiya ita ce gaba. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa takardar barin kwalejin nan ta taɓa katin magani.

A watan Oktoba na je kemis kamar kullum. Mai kemis ɗin, wadda ta san mu shekara da shekaru, ta duba kwamfutarta ta ce mini sunansa ba ya kan katinmu yanzu, don ya wuce 18 kuma babu shaidar karatu ta sabuwar shekara. A lokacin magungunansa sun zama uku. Ranar na biya cikakken kuɗinsu, kusan yuro 190, ban da 114 na sauran gida. Na fito na zauna a mota na daɗe ban tayar ba. Kuɗin ya yi mini ciwo, amma abin da ya fi tsaya mini shi ne jin cewa a takarda ɗana ya zama baƙo a gidan da ko shayi ba ya iya dafa wa kansa a wasu ranakun.

Baiwar Allah nan ba ta bar ni haka ba. Ta ce hanya biyu ce. Ko ya yi rajistar katin kansa, tunda duk mazaunin ƙasar yana da wannan dama, sai ya zama yana da tasa iyakar daban. Ko kuma mu kawo rahoton likita a mayar da shi katin gida a matsayin babba da ke ƙarƙashin kulawarmu, mu koma biyan iyaka ɗaya. Ta ƙara da cewa mai irin ciwonsa ya kamata a nema masa alawus na masu naƙasa, wanda zai iya buɗe masa hanyar katin asibiti, wato katin gwamnati na ganin likita kyauta ga masu ƙaramin samu.

Da na kawo maganar gida, Abban yara ya yi shiru, can ya ce shi ba zai sa hannu a rubuta wa ɗansa naƙasa a takardar gwamnati ba. Ya ce yaron nan zai warke, zai nemi aiki, zai nemi aure, kuma takarda ba ta mantuwa. Zan yi ƙarya idan na ce shi kaɗai ne. Ni ma abin da ke raina ke nan. Na san sarai bayanan lafiya sirri ne, na san babu mai ɗaukar aiki ko surukin da zai je ya buɗe fayil ɗin, aikina ne, kullum ina faɗa wa iyalan marasa lafiya haka. Amma a garinmu 'yan Najeriya ba mu da yawa, a masallaci ɗaya muke haɗuwa, kuma shekara biyar muna cewa mutane yaron "ba ya jin daɗi ne kawai". Rubuta sunan ciwon a fom ya zama mini kamar na sallama cewa ba zai tashi ba. Muka zaɓi hanya ta farko, muka yi masa katin kansa, muka koma biyan 228 a wata.

Wani zai ce yuro 114 ba wani abu ba ne ga mai albashi a Turai. A shekara 1,368 ke nan. A lokacin maigida ya rage aiki don wani ya zauna da yaron, ga kuɗin haya, ga ganin likitan unguwa da muke biya yuro 60 duk zuwa, don DPS magani kawai yake ɗauka, ga gida Kano ana jiran abin da za mu aika. Muka fara cacar baki a kan kuɗi a kicin da dare, muna zaton yana barci.

Ashe yana ji. Daga watan Disamba ya fara raba ƙwayarsa biyu, yana shan rabi yana ɓoye rabi, daga baya ya koma sha yau ya tsallake gobe. A tunaninsa idan maganin wata ɗaya ya kai wata biyu, ya rage mana nauyi. Da yake na fara barinsa ya riƙa shan abinsa da kansa don ya saba, ban gane ba. Irin wannan magani ba a rage shi haka kai tsaye, kuma ciwon ba ya dawowa washegari, yana ɗaukar makonni yana taruwa. Sai da barcinsa ya sake lalacewa a ƙarshen Janairu, bargo ya koma kan taga. A Fabrairun 2022 aka kwantar da shi, ya yi mako biyar a asibiti. Ina gyara ɗakinsa na tarar da rabi-rabin ƙwayoyin a cikin safa, a ƙasan durowa. Na ƙirga su a kan gado, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka faɗa mini sunan ciwon.

Da ya samu sauƙi na tambaye shi dalili. Ya ce, "Umma, na ji Abba yana cewa nawa ne ya ninka kuɗin." Abbansa yana tsaye a bakin ƙofa. A daren shi da kansa ya ce in karɓo fom ɗin.

Ko a nan sai da muka ƙara yin kuskure. Na roƙi likitan unguwa ya sassauta kalmomi, ya rubuta cewa yaron yana fama da matsalar damuwa kuma yana shan magani. Aka dawo mana da buƙatar ƙarin bayani, kuma da gaskiyarsu, don wasiƙar ba ta amsa tambayar da ake yi ba. Mutane da yawa suna shan maganin damuwa suna zuwa aikinsu. Abin da ake son sani shi ne ko mutumin yana iya ɗaukar nauyin kansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muka koma wurin likitan ƙwaƙwalwarsa, shi yaron ya sa hannu cewa ya yarda, aka rubuta rahoto na gaskiya: sunan ciwon, shekarar da ya fara, kwanciyar asibiti da kwanakinta, magungunan da yake sha da adadinsu, cewa ciwon mai daɗewa ne, cewa a yanzu ba ya iya riƙe aiki ko karatu na cikakken lokaci, yana zaune da iyayensa kuma su ke ciyar da shi suna lura da shan maganinsa. Na haɗa da lambar PPS ɗinsa da lambar katinmu, na ajiye kwafin komai. Cikin 'yan makonni sunansa ya dawo. A lokacin iyakar ta sauko 80, muka tashi daga biyan 160 zuwa 80.

Akwai ƙananan abubuwa da ke cinye kuɗin mutane ko suna da katin. Na farko, kemis biyu. Idan uwa na karɓar nata a kusa da wurin aiki, yaro yana karɓar nasa a kusa da gida, kowane kemis zai iya cajin har iyaka, sai ka tattara rasit ka nemi a mayar maka da abin da ya haura. Ana mayarwa, amma wahala ce, gara kowa ya tsaya wuri ɗaya. Sannan lissafin na watan kalanda ne, daga ɗaya ga wata zuwa ƙarshensa, kuma na maganin wata guda ne. Wanda zai tafi gida hutu ya karɓi na wata biyu, iyaka biyu zai biya. Ba kuma kowane magani ne ke cikin jerin da gwamnati ke biya ba, don haka idan an rubuta sabo, a tambayi mai kemis tun kafin ya haɗa. Tun dokar 2013, magungunan da ke da makwafi an sa musu farashin da hukuma za ta biya, wanda ya nace sai na kamfanin asali shi zai cika bambancin, sai fa idan likita ya rubuta cewa kada a musanya saboda dalilin lafiya. Wannan ya shafe mu, don ɗana yana tsorata idan launin ƙwaya ya canza, yana zaton an sauya masa da wani abu. Yanzu mai kemis tana nuna masa kwalin, su karanta sunan sinadarin tare kafin ya karɓa. Abin da aka biya daga aljihu kuma, na magani da na likita, ana iya neman rangwamen haraji na kashi 20 cikin 100 a kansa, har na shekara huɗu baya, ko da wanda aka biya wa ya girma. Mu sai a 2022 muka nema, muka tarar rasit da yawa sun ɓata.

Tun da na fara faɗa wa mutane, tambayar da aka fi yi mini ta iyaye ce. Wata za ta ce Hajiyarta ta zo daga gida da ciwon suga, ko za ta sa ta a katinta? Wanda ya zo da bizar ziyara ta kwana 90 ba mazaunin ƙasa ba ne, ba ya shiga. Tsohon da aka kawo ya zauna da izinin da ake kira Stamp 0, sharaɗin izininsa shi ne ya kasance da inshorar lafiya mai zaman kanta, kada ya dogara da tallafin gwamnati. Haka ɗan shekara 24 mai lafiya da ke zaune a gida ba aiki, a wurinmu yaro ne, tukunya ɗaya muke ci, amma a tsarin sai ya yi katin kansa. Mu a al'adarmu ɗa yana ƙarƙashin ubansa har ya yi aure, wani ma har bayan nan. Takarda shekaru da makaranta take dubawa, sai kuma rahoton likita. Ko a gida haka abin yake ga ma'aikatan da ke cikin inshorar lafiya ta tarayya, wadda ke ɗaukar ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da 18, suna biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Yayata da ke Kano mai ɗa mai sikila, na ce mata ta fara tambayar yadda za a yi da shi tun yana 17.

Alawus ɗin masu naƙasa shi ne abin da na fi nadama a kai, don tun yana 16 ya cancanci a nema masa. Sharaɗinsa shi ne ciwon ya kai shekara guda ko ana sa ran zai kai, ya hana mutum aikin da sa'anninsa ke iyawa, kuma samun shi mai neman ake dubawa, ban da na iyayensa. Mun nema a ƙarshen 2022, aka amince a 2023, lokacin yuro 220 ne a mako. Wannan ya canza matsayinsa a wurin katin asibiti. Matashi tsakanin 16 da 25 da ke zaune da iyaye, da samun iyayen ake auna shi, sai idan nasa ya kai yuro 164 a mako, a nan ana ɗaukarsa mai cin gashin kansa. Da alawus ɗin ya haura wannan adadi, kuma ba shi da wani samu sai shi, ya samu katin. Yanzu ganin likitan unguwa kyauta ne a gare shi, magani kuma yuro 1.50 kowane ɗaya, ba zai wuce 15 a wata ba. Ya sake fita daga katin gidanmu, wannan karon da saninmu.

An canza masa magani zuwa aripiprazole saboda ƙibar da sugansa da ya fara hawa, ana auna masa jini da nauyi lokaci-lokaci. Akwai makonnin da yake tashi da nauyi, akwai waɗanda za ka ga kamar ba abin da ya taɓa samunsa. Yana zuwa koyon gyaran kwamfuta kwana uku a mako. Abbansa, wanda ya ce ba za a rubuta ba, shi ne yanzu yake zama da iyaye a masallaci bayan sallar Juma'a idan ya ji an ce yaron wani "ba ya jin daɗi". Ni kuwa har yau idan na ga safa a ƙasan durowa sai gabana ya faɗi, kuma duk daren Lahadi muna zama ni da shi mu cika akwatin ƙwayoyinsa na mako, mu ƙirga tare.

Ranar ɗaya ga wata shi yake zuwa kemis da kansa, ya biya yuro 4.50 daga kuɗinsa, ya kawo mini rasit in sa a fayil. Ƙanwarsa tana jami'a, duk Satumba nake tuna mata ta karɓo shaidar karatu tun a makon farko. Za ta cika 23 a 2027, asmarta kuma tana nan, don haka fom ɗin katin kanta yana cikin fayil ɗin, na cike komai, saura kwanan wata da sa hannunta.